Ranar da Birkin Bunu Ya Nutse

Motar ba ta tsaya ba sai da ta ture dirkar rumfata. Ina tsaye a ƙofar zaure da buta a hannu, ina hango Inuwa, direban maƙwabcina, a bayan sitiyari yana ta taka birki kamar mai kashe kunama, amma motar nan sai tahowa take. Ba gudu take yi ba, ba ta kuma da niyyar tsayawa. Dirka ta karye, rumfa ta durƙusa a kan fatun da na shanya, kaji suka watse. Sai da tayar gaba ta faɗa kwatar da ke bin bangona sannan ta haƙura.

Na ce, "Inuwa, makancewa ka yi, ko rumfar ce ta fito ta tare maka hanya?"

Ya sauko. Magidanci ne mai 'ya'ya, amma ran nan fuskarsa ta koma ta wanda aka kama da hannu a tukunya. "Baba Shu'ibu, birki ne ya tafi. Na taka, ya nutse har ƙasa."

Daga bayan motar, inda aka shimfiɗa masa katifar rimi, sai muryar Bunu ta fito, a shaƙe amma da tsiyar nan tata da ba ta tsufa. "Bafillace, kai da ba ka da ko saniya guda, me za ka yi da rumfa?"

Bunu maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Babarbare ne daga wani ƙauye can bayan Kirikasamma, ni kuwa kakannina Fulani ne da ciwon shanu ya share wa garke suka shigo Haɗeja, na tashi da wuƙar dukanci a hannu maimakon sanda. Kowa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba a gaisuwa sai da zagi. Amma namu ya wuce na gado, don tun da ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama da hannun tuƙi, wani attajirin gyaɗa ya ba shi babbar mota, ban ƙara samun barcin rana ba. Hayaƙinta ya sha ɓata mini jar fata, baƙin manta ya hana ciyawa fitowa a ƙofar gidana. Na kai ƙara wurin mai unguwa har na gaji. Da yamma kuma a zaurena yake shan fura.

A damunar da nake ba da labari, kumburi ya kama shi. Ya fara daga ƙafa, ya hau ciki, numfashi ya koma sai da dabara. Inuwa, wanda ya koyi tuƙi a hannunsa, shi ya karɓi motar. Bunu bai ruɗi kansa ba. Ya kira ni ya ce ba asibiti yake so ba, gida yake so, wurin tsohuwarsa. Lokacin da aka zo ɗiban soja, ba da izininta ya tafi ba, kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya ja ƙanensa Ɗan'auta. Shi ya dawo, Ɗan'auta yana can a ƙasar da ko sunanta tsohuwar ba ta iya faɗa. Tun daga nan, in ya je ɗaukar busasshen kifi ya biya ta ƙauyen, a bakin ƙofar ɗakinta yake tsugunawa ya gaishe ta. Takan amsa. Bai taɓa shiga ba, bai taɓa cewa ta yafe masa ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Yanzu idonta ya tafi, ƙafafunta sun mutu, ba ta iya zuwa. Shi kuwa ba ya son ya gamu da Ubangijinsa bai ji kalmar nan daga bakinta ba.

Jaki ba zai ɗauke shi ba, ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi. Sauran motocin gari sun koma Kano tun da En'e, hukumar gargajiya, ta fara rufe hanyoyi saboda ruwa. Masunta kuma da ke zuwa kasuwa suna ta cewa kogi ya fara tumbatsa, nan da ɗan lokaci fadama za ta haɗiye hanyar Kirikasamma, sai kuma kaka. Attajirin ya ba da aron motar tafiya guda. Ga ta nan kuma da hanci a cikin kwatata.

Aka turo ta baya da taimakon mutanen unguwa. Bunu ya ce a sauko da shi. Muka jingina shi da bango a inuwar darbejiya, matarsa Bintu ta tura masa matashi a baya ta koma bakin zaure ta tsaya.

Ya ce, "Inuwa, hau. Taka shi da sauri-da-sauri, kamar mai zuga wutar maƙera. Ya taso?"

"Bai taso ba, maigida."

"To yanzu ɗora ƙafa ka danna a hankali, kada ka ɗaga. Me ka ji?"

"Yana ɗan cijewa da fari, sai ya dinga zamewa, yana zamewa, har ƙasa."

"In da iska ce ta shiga, da ka zuga zai taso ya yi ƙarfi. Buɗe tukunyar mai ka duba."

Mai yana nan cike. Ya sa shi ya shiga ƙarƙashi ya shafa bayan kowace taya, ya bi bututun ƙarfen nan da yatsa tun daga gaba har baya. Inuwa ya fito da yatsu busassu, babu ko danshi.

Bunu ya rufe ido, ya ɗauki lokaci yana tattara numfashi. "To ɓarawon a cikin gida yake. Man bai fita waje ba, zagaye roba yake yi ya koma inda ya fito. Kwanto mini masta."

Ni ban san masta ba sai ran nan. Wani ƙarfe ne mai rami kamar guntun gora, a ƙarƙashin ƙafar direba yake. A cikinsa akwai 'yar roba mai siffar ƙaramin ƙoƙo, in an taka birki ita ke tura mai zuwa tayoyi. Da Inuwa ya zaro ta, sai ga ta ta kumbura ta yi laushi, bakinta ya naɗe kamar ganyen da ya sha rana. Ya miƙa wa Bunu. Bunu ya murza ta, ya kai hanci. Ina kusa da shi, ni ma na ji abin da ya ji. Kananzir ne.

Nan take na tuna jiya. Wuni guda Inuwa ya yi a ƙofar gidan nan da kwano cike da kananzir, ya kwance duk abin da ke kwantuwa yana wankewa yana gogewa, wai ba zai ɗauki maigidansa tafiyar nan a mota mai datti ba. Har Bintu ta aiko masa da kunu don ta ji daɗin ƙoƙarinsa.

Inuwa ya ce, "Maigida, me ya same ta?"

Bunu ya jefar da robar a kan tabarma. "Tsufa. Ta yi iyakacinta, kamar mai ita. Je ka wanke ramin nan da ruwan zafi da sabulu, ka shanya shi ya bushe ƙarau."

Da ya ba da baya, na buɗe baki, Bunu ya riƙe mini gefen riga. "Rufe bakin nan naka, Bafillace. Robar birki ba ta shiri da kananzir, amma shi bai sani ba. Ni na hana shi sani, kullum ni ke kwance masta da hannuna. In ka gaya masa yau, da wannan zai kwana har ya mutu. Bayan na tafi ka koya masa, ka ce wani direba ne ya taɓa yi a Nguru."

Raina ya ɓaci, ba kuma na jin kunyar faɗa. Na ji haushin Inuwa, na ji haushin motar, na ji haushin Bunu da yake lallashin mutum alhali shi ne ruwa ke shirin rufe wa hanya. Sabuwar roba sai Kano. Kafin a je tashar Malam Madori a jira jirgin ƙasa, a je a dawo, an gama magana.

Na ce, "Ku tafi haka nan mana! Ƙasar nan shimfiɗe take kamar tabarma. Wane dutse za ku gangara? Inuwa ya sa giya ta ɗaya, ku lallaɓa. Ba ga birkin hannu ba?"

Bunu ya ce, "Birkin hannun nan ko akuya ba ya riƙewa."

Bintu ta yi magana daga bakin zaure, abin da ba ta saba yi a gaban maza ba. "Malam, don Allah ka ji maganar Malam Shu'ibu. Ni zan sauka in yi ta tafiya a gaban motar in ana so."

Ya dube ta da tausayi. "Bintu, kin san ƙauyukan nan. Yara na jin ƙarar mota sai su rugo tsakiyar hanya suna tsalle. Ga gangaren mashigi, mata na wanki a ƙasa. In je neman gafarar uwa ɗaya, in bar wata uwar da gawa? Na riga na yi wa guda, ya isa."

Can sai ya juyo gare ni. "A Bama na ga wani Ba'indiye ya yanka irinta daga harshen takalmin soja, ta kuwa kai mu inda za mu. Kai da kake cika baki wai ka iya fata, ga ranarka."

"Ni kube nake ɗinkawa da laya, ba hanjin mota ba."

"To ashe dai gaskiyar Barebari ne, Bafillace in ba nono ba ba ya iya komai."

Da wannan ya kama ni, ya kuma san zai kama ni.

Na zaɓi ƙirgi daga gadon bayan sa, inda fata ta fi tauri. Na fere shi da aska, na jiƙa, na sassaƙa ɗan icen kanya daidai bakin ramin, na lulluɓa fatar a kansa na cusa a ciki don ta ɗauki siffa. Rana ta ƙi fitowa, hadari ya tokare gabas, dole na kafa ta kusa da garwashi ina juyawa, ina tsoron kada ta ƙone ina tsoron kada ta ƙi bushewa. Da ta bushe na datse bakin, muka tsoma ta a man birki daga wani gwangwani da Bunu ya daɗe yana ɓoyo a ƙarƙashin gado. Washegari Inuwa ya ɗaura. Ya taka, birki ya tafi, ya ƙi dawowa. Na yi ta da kauri, ta cije a ciki. Na ɗauki icen kanyar na yi jifa da shi har cikin gidan mutane, sannan na bi na roƙo a miƙo mini.

Ran nan da la'asar na shiga duba shi. An kwantar da shi a zaurensa don ya fi iska. Ƙafafun sun yi suntum suna sheƙi, leɓensa ya yi duhu. Ya ce, "Ka ɓata, ko?"

"Fatar ce ba ta jin Barbarci."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana. Da ya lafa sai ya ce, "Ka san abin da ke ba ni tsoro? Ba tsoron ta ce ba ta yafe ba nake yi ba. In na je ta yi shiru irin wanda ta saba. Shu'ibu, tsohuwar nan ta iya shiru."

Tun da muke bai taɓa kiran sunana ba sai ran nan. Na tashi na ce garwashina zai mutu. A soron gidana na tsaya na share ido, don na tabbata a lokacin cewa mutumin nan tafiya zai yi, ni kuma ba ni da wani abokin faɗa bayansa.

Ta biyun na fere ta har sai da nake ganin inuwar yatsana ta bakin, na bar gindin da kaurinsa. Washegari da hantsi ya ɗaga Inuwa ya ɗaura, ya taka, ta tafi ta dawo. Amma birkin ya yi taushi kamar an taka soso.

Bunu ya ce, "Wannan kam iska ce, ta shiga da aka kwance. Sai an fitar da ita taya bayan taya. Ku ɗora ni a kujera."

Na ce, "Haba! Ni zan taka. Taka abu har wani ilimi ne?"

"Ƙafarka ba ta san bambancin birki da kashin shanu ba. Ku ɗora ni."

Mu huɗu muka ɗaga shi. Aikin na mutum biyu ne da ba sa ganin juna, ɗaya a sama yana takawa, ɗaya a ƙasa da sifana yana kwance ɗan noti a bayan taya, mai ya fito da kumfa ya zuba a kwalba. In na sama ya ɗaga ƙafa kafin na ƙasa ya ɗaure, iska ta koma, an yi aikin banza. Muryar Bunu ba ta kai ƙarƙashin mota, sai na tsaya a kan matakala, kunnena kusa da bakinsa, gwangwanin mai a hannuna ina ƙara wa tukunya kada ta ƙafe.

Inuwa ya fara da tayar baya, wadda ta fi nisa. "Taka!"

Bunu ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya danna, ya ɗaga, ya danna. Ya motsa leɓe.

Na yi ihu, "Ya riƙe!"

Sai in ji tsit na mai, ƙafar Bunu ta bi birkin zuwa ƙasa.

"Na ɗaure! Saki!"

Haka muka yi ta yi. Gumi ya jiƙa masa riga, kowace takawa sai ya huta, hutun kuma yana ƙara tsawo. Mutanen unguwa suka taru suka yi shiru, har masu tallan da suka saba cika mana kunne. A taya ta uku na duba ƙasa na ga tafin ƙafarsa ya tsage a bakin ƙarfen, ruwa-ruwa da jini na bin diddige. Robar kan matakin birkin ta daɗe da cinyewa, ƙarfe ne tsirara.

Na ce, "Ya isa. Sauko."

"Saura ɗaya. Yi mini shiru."

Da aka gama ta ƙarshe, Inuwa ya ce kumfa ta ƙare, mai ne zalla. Bunu ya ɗora ƙafar, ya danna, ya tsaya a haka. Muka zuba wa ƙafar ido. Ba ta zame ba. Ya daɗe yana dannawa kamar mai jiran a ƙaryata shi, sannan ya jingina kai da ƙarfen baya.

"Ya tsaya. Bafillace, ashe kana da amfani."

Na yage gefen rawanina na ɗaure masa ƙafar. Na shiga gida na ce wa iyalina su rufe zaure, na ɗauko sauran ƙirgin da wuƙata. Na ce wa Bunu ba don shi zan bi su ba, don fatata ne, kada ta ba ni kunya a hanya a ce Bafillace ya yi ha'inci.

Bayan azahar muka fita ta ƙofar gabas. Bintu na gaba kusa da Inuwa don girgizar baya ta fi ƙarfinta, ni ina baya, kan Bunu a cinyata. Masunta ba su yi ƙarya ba. Ruwa ya riga ya shigo fadama, yana kwance tsakanin gonakin shinkafa, a wasu wuraren ya hau hanya har rabin taya. Farin balbela ya cika ko'ina. A ƙauyen farko, kamar yadda ya faɗa, yara suka rugo tsirara suna ihu, wata 'yar mitsitsiya ta tsaya a tsakiyar hanya da baki buɗe. Na ji motar ta dafe ƙasa ta tsaya. Bunu bai buɗe ido ba, amma ya ce, "Ka ji?"

"Na ji."

Muka sauka gangaren mashigi a hankali, muka haye. Bayan Kirikasamma numfashinsa ya sake, ya koma ja ɗaya, shiru, sannan wani. Ya laluɓo hannuna.

"In ban kai ba, ka durƙusa mata a madadina. Ka ce Bunu ne ya ja Ɗan'auta, ba Bature ba. Ka ce ta yafe."

"Kai za ka faɗa da bakinka. Ga giginyun garinku can ina hangowa."

Gaskiya na faɗa, ana hango su. Ya ce in ɗaga shi ya gani. Na tallafo kansa, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Na ji yana motsa baki, na sunkuya na ji shahada ce, na taya shi. Sai nauyinsa ya sauko mini a hannu gaba ɗaya.

Na buga rufin gaban motar da tafin hannu. Ta tsaya cak. Inuwa ya leƙo, ya dube ni, ya koma ya kifa kai a kan sitiyari. Bintu ta zagayo ta hau, ta rufe masa ido, ta ja mayafinta ta lulluɓe shi, tana salati ƙasa-ƙasa. Ba abin da ake ji sai kwaɗi. Baƙin cikin da na ji a wurin nan ban ji irinsa ba ko ranar da na binne mahaifina. Da fatar farko ta yi, da ya kai. Da Inuwa bai so shi har ya wanke abin da ba a wankewa ba, da ya kai. Na san ajali ba ya jiran fata, amma zuciya ba ta jin wannan karatun a lokacin.

Rana ta yi ƙasa muka shiga ƙauyen. Maza suka taho, suka ga yadda muke, suka hau salati. Aka nuna mini ɗakin, na bukka ne a ƙarshen gida, da 'yar ƙofa wadda sai an sunkuya. Tsohuwar na zaune a ciki a kan tabarmar kaba, ƙanƙanuwa, fuskarta na kallon ƙofa. Ta riga ta ji ƙarar mota.

Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofar. "Iya, ni maƙwabcin Bunu ne daga Haɗeja. Ya ba ni saƙo."

"Shi yana ina?"

Kukan Bintu daga waje ya ba ta amsa. Ta yi shiru, irin shirun da ya gaya mini, har na ji gwiwoyina sun fara ciwo. Na daure na fara, "Ya ce in gaya miki shi ne ya ja..."

Ta ɗaga hannu. "Ba daga bakinka ba. Kuma tashi daga nan, nan ne wurin da yake tsugunawa. Ku shigo mini da shi ciki."

Wani dattijo ya ce liman na jira, dare na zuwa, ga ruwa. Ta ce liman ya jira. Muka sunkuya muka shigo da shi da ƙyar ta 'yar ƙofar nan, muka kwantar a gabanta. Ta yaye mayafin, ta bi fuskarsa da yatsu, goshi, tsagen kumatu, gemun da ya fara fari.

"Ya tsufa," in ji ta. "Ba wanda ya gaya mini ya tsufa." Ta shafa gefen tabarmar. "Kullum in ya zo sai in matsa in bar masa gefen tabarma. Shi kuwa sai ya tsaya a waje kamar baƙo. Na ce to, har yanzu kunyata yake ji, bari in ƙyale shi, wata rana zai shigo."

Ta sunkuya daidai kunnensa ta yi magana da Barbarci, doguwa, a hankali, yadda ake yi wa mai barci. Ban ji ko kalma ba sai sunansa da na Ɗan'auta. Na dubi Bintu. Ta gyaɗa mini kai, hawaye na zuba, ta ce, "Ta yafe. Ta ce shi ma ya yafe mata."

Hannun tsohuwar ya ci gaba da bin jikinsa har ya kai ƙafa, ya ci karo da ƙyallen rawanina. Ta tambayi abin da ya same shi. Na ce ƙarfe ya taka, a wajen gyaran motar da za ta kawo shi. Ta kwance ƙullin da kanta, ta shafa tsagar, ta shinshina yatsunta.

"Miƙo mini ruwa a ƙwarya."

Bintu ta kawo. A waje ana ta kiran a fito da shi. Tsohuwar ta ɗora ƙafar a kan cinyarta, ta tsoma bakin zanenta a ruwan, ta fara goge baƙin man daga tsakanin yatsun, ɗaya bayan ɗaya.